Hawa saman bene don kallon birni: wanne za a hau, kuma da ƙarfe nawa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar tafiye-tafiye. Mutum ya je babban birni yawon buɗe ido, kwanakinsa kaɗan ne, yana so ya hau irin dogayen benayen nan da ake kallon gari daga samansu. Wanne ya kamata ya zaɓa, wanda ya fi tsawo ko kuwa? Da wane lokaci? Tikiti tun kafin tafiya ake saye ko sai an isa? Don Allah a haɗa mana da abin da ya shafi yara da tsofaffi.

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A ganina wanda ya fi tsawo, ai abin da ya kai mutum ke nan. A Dubai Burj Khalifa ne, tsawonsa mita 828, an buɗe shi a 2010. Wurin kallo na farko yana hawa na 124 da na 125, wajen mita 452 daga ƙasa. Akwai kuma na hawa 148 mai mita 555, tikitinsa daban, kuma ya fi tsada nesa ba kusa ba. Inda baƙi ke yawan kuskure shi ne ƙofa. Ƙofar masu kallo ba a gindin benen take ba, tana cikin Dubai Mall, a hawan ƙasa. Kasuwar nan kuwa gari guda ce, daga inda mota ta sauke ki zuwa ƙofar za ki iya cin minti 15 ko fiye a ƙafa. A saka wannan cikin lissafi.

Hajiya Jagora:
Baban Sadiq, maganar ƙofa haka take, amma maganar mafi tsawo ban yarda da ita ba. Duk wanda ya hau benen da ya fi shahara a gari, akwai abu ɗaya da ba zai gani ba, shi ne benen da kansa. Alhali sau da yawa shi ne fuskar garin.

Ɗauki Niyu Yok. Benen Empire State tun 1931 yake tsaye, barandarsa ta hawa na 86 a buɗe take, tana da kyau ƙwarai. Amma masu son hoton da kowa zai gane Niyu Yok ne, Top of the Rock suke hawa, a cibiyar Rockefeller. Daga hawa na 70 ka fuskanci kudu ga Empire State a gabanka, ka juya arewa ga lambun shaƙatawa na Central Park a shimfiɗe. A wannan hawan babu ma gilashi tsakaninka da gari. Haka a Faris. Wurin kallo na ƙololuwar hasumiyar Eiffel yana mita 276, amma wanda ya hau Arc de Triomphe, babbar ƙofar tarihi da ke tsakiyar wani shataletale, mai mita 50 kacal, shi ke ganin Eiffel ɗin a tsaye, ga manyan tituna 12 sun fita daga ƙarƙashinsa ta kowace fuska. Matakala 284 ce. Kuma ta hanyar ƙarƙashin ƙasa ake shiga, kada wanda ya yi gangancin tsallaka shataletalen nan da ƙafa.

Ko a kan Eiffel ɗin ma, hawa na 2 mai mita 115 ya fi ƙololuwa nuna gari. Daga nan kana bambance gada da gada, gini da gini. Daga can sama komai ya baje ya koma taswira.

Baban Sadiq:
To amma Hajiya, nisan gani fa? Na sama ai ya fi hangen nesa.

Injiniya:
Ya fi, Alhaji, amma ba yadda ake zato ba. Ga lissafin. Nemo lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka tsawon da kake a mita, sai ka ninka ta da 3.57. Abin da ya fito shi ne nisan inda sama ta haɗu da ƙasa, a kilomita. A mita 100, lambar 10 ce, kenan wajen kilomita 36. A mita 400, lambar 20 ce, wajen kilomita 71. Ka ninka tsawo sau huɗu, nisan gani sau biyu kawai ya ƙaru. Tsakanin hawa na 124 da na 148 na Burj Khalifa, a takarda, kilomita 76 ne da 84.

A takarda na ce. Wannan lissafin na iska ce mai tsabta tas. A manyan birane hayaƙin mota da ƙura da laima su ke yanke gani tun kafin lanƙwasar duniya ta yanke shi. Ranar da hazo bai bari a ga abin da ya wuce kilomita 6 ba, na mita 150 da na mita 500 duk a kilomita 6 idonsu zai tsaya. Na saman ma ya fi cutuwa, domin tsakaninsa da titi akwai hazo mai kauri fiye da na ƙasan, sai ya ga komai fari-fari.

Akwai kuma maganar kusurwa. Daga matsakaicin tsawo, a ce mita 50 zuwa 250, hasumiyoyi da ƙubbobi suna tsayawa ne a jikin sararin sama, siffarsu ta fito. In ka wuce su da nisa kana kallon su ta ka, sai su saje da rufin gidaje. Shi ya sa hasumiyar Galata ta Santambul, wadda mutanen birnin Genoa na Italiya suka gina a 1348, ba ta wuce mita 60 da 'yan kai ba, amma da yake a kan tudu take, daga barandarta ana ganin tsohon birni da masallatansa da mashigin ruwan Bosphorus yadda ya kamata.

Baban Sadiq:
Na karɓi lissafin. Sai dai har yanzu ina nan kan cewa Dubai daban take. Garin dogayen benaye ne, in ba ka wuce su ba bango kawai za ka gani.

Injiniya:
Wannan gaskiya ne. A garin da benaye masu mita 300 suka yi yawa, matsakaicin tsawo ma ya ɗaga. Abin dubawa shi ne tsawon abin da ke kewaye da kai. Ka ɗara shi, amma kada ka ninka shi sau biyar.

Na Filin Jirgi:
Bari in shigo ta nan, domin duk wannan magana tana rataye ne a kan yanayi, kuma manhajar hasashen yanayi ta waya ba kasafai take faɗin duka abu biyun da ake buƙata ba: nisan gani da tsawon gindin gajimare. Hoton rana ko na ɗigon ruwa ta fi nunawa.

Kowane babban filin jirgi yana fitar da rahoton yanayi duk rabin awa ko duk awa, sunansa METAR, kyauta ne a intanet. A rubuta METAR tare da lambar filin, misali OMDB na Dubai, EGLC na London City a gabashin Landan, LFPO na Orly a Faris. Zai fito kamar rubutun sirri, amma abu uku kaɗai za a nema.

Na farko lamba mai alƙaluma huɗu, ita ce nisan gani a mita. 9999 na nufin kilomita 10 ko fiye, shi ake so. In aka ga 4000 ko 3000, kuɗin tikiti zai tafi a banza. A Amurka da mil suke rubutawa, 10SM shi ne mai kyau. In kuma aka ga CAVOK, a ɗaura takalmi kawai, gari a washe yake.

Na biyu gajimare. FEW da SCT kaɗan ne, ba damuwa. BKN ya rufe mafi yawan sama, OVC ya rufe duka. Lamba ukun da ke biye a ninka ta da 30, a samu mita. BKN008 kenan gajimare yana wajen mita 240. Wanda zai hau benen The Shard a Landan, wanda barandarsa ke hawa na 72, wajen wannan tsawon, a irin wannan rana cikin gajimaren zai tsaya tsundum, alhali na ƙasa yana ganin yanayi lafiya lau, ko ruwa ba a yi.

Na uku haruffan nan: HZ hazo, BR laima mai sauƙi, FG hazo mai kauri na raɓa, DU ƙura, TS tsawa. Akwai ɗan uwansa TAF, shi hasashe ne na awa 24 zuwa 30 masu zuwa, da irin rubutun. Lokacin da ke ciki agogon duniya ne na GMT, a daidaita da na garin.

Ranar da ta fi kowace kyau ita ce wadda ta biyo bayan ruwan sama da iska, an wanke sararin.

Maman Ilham:
Allah Ya saka da alheri, Malam. To amma nan rikicin yake. In sai na ga yanayi zan sayi tikiti, ba zai ƙare ba? In kuma na saya tun da wuri, hazo ya zo fa?

Hajiya Jagora:
Ya danganta da lokacin da kike so, 'yar uwa. Tikitin faɗuwar rana shi ke fara ƙarewa, a lokacin hutu da kwanaki ma. Na safe da na tsakar rana a mafi yawan wurare ana samu ko ana gobe. Shawarata: ki sa hawan a kwanakin farko na tafiyar, kada ki bar shi ranar ƙarshe, domin in yanayi ya ɓaci ki samu inda za ki matsa. Kafin ki biya ki karanta ƙa'idar canza rana. Wasu wurare suna barin a canza, wasu sai ga mai tikiti na musamman, wasu sam ba sa mayar da kuɗi ko da an rufe barandar waje, tunda ɗakin gilashin yana buɗe.

Ki saya a shafin wurin na asali. 'Yan tsakiya suna da yawa, wasu na kirki ne, amma abin da wasu ke turowa takardar shaidar biya ce kawai, sai kin sake bin layi a musanya miki da tikiti, lokacin da kike so kuma ya cike. Tikiti na gaske yana ɗauke da rana, da lokaci, da lambar QR. Ki ɗauki hotonta a waya tun a masauki, domin a ƙofar intanet kan yi wahala.

A kula da kwanan wata. A Amurka wata ake fara rubutawa, 03/04 ranar 4 ga Maris ce, a Turai kuwa 3 ga Afrilu. Wannan kaɗai ya sa mutane da yawa sun tsaya a ƙofa da tikitin da ya riga ya mutu.

Baban Sadiq:
A ƙara da wannan: tikitin "tsallake layi" layin sayen tikiti yake tsallakewa a yawancin wurare. Layin bincike da layin lifta suna nan, sai in an rubuta su ƙarara.

Mai Hoto:
Maganar lokaci nake jira. Lokacin da ke kan tikiti na shiga ƙofar ƙasa ne. Bayansa akwai bincike irin na filin jirgi, akwai zauren da ake bi, akwai jiran lifta. Da yamma a wuri mai cunkoso a ba wannan rabin awa zuwa minti 45. Don haka wanda ya sayi tikitin daidai faɗuwar rana, a cikin layi ranar za ta faɗi.

A duba ƙarfe nawa rana ke faɗuwa a garin a wannan ranar, a koma baya da awa ɗaya da rabi, shi ne tikitin. Kada a yi kintace. A Landan a watan Yuni rana tana kaiwa bayan ƙarfe 9 na dare, a Disamba kafin ƙarfe 4 ta faɗi. A Dubai tsakanin wajen 5:30 ne a Disamba da 7 da 'yan mintuna a Yuni.

Amfanin wannan lokaci shi ne da tikiti ɗaya an ga gari sau uku: da hasken rana, da jan almuru, da fitilun dare. Mafi kyawun ukun kuma ba lokacin da rana ke nitsewa ba ne, mintunan da ke bayansa ne, sama ta yi shuɗi sosai, fitilu sun kama, amma gine-gine ba su ɓace cikin duhu ba. Mutane da yawa rana na faɗuwa suke tururuwa zuwa lifta, su bar abin da suka biya dominsa. Kusa da tsakiyar duniya, kamar Singafo da Kuala Lumpur, wannan shuɗin minti 20 ne da ɗoriya. A Landan da bazararsu ya kan wuce minti 40.

Anti Nas:
Mai Hoto, wannan shawarar ta masu kyamara ce. Maman Ilham ta ce da yara da tsofaffi. Awa ɗaya da rabi kafin faɗuwar rana, da rabin awa bayanta, da layin sauka, awa biyu da rabi kenan a tsaye cikin turmutsutsu, kuma yawancin wuraren nan kujeru kaɗan ne. Ga mai iyali sahun farko na safe ya fi. Babu layi, gilashi ba a ɓata shi da tafin hannu ba, yara ba su gaji ba, a wurare da dama ma ya fi sauƙin kuɗi.

Mai Hoto:
Ban musa ba, Anti. Sai dai a duba ina abin kallon yake. Da safe rana tana gabas, abin da ke yamma da kai shi ke samun haske mai kyau, na gabas kuwa ido ba ya iya kallo. Da yamma akasin haka. A buɗe taswira a ga ta wace fuska tsohon gari ko teku ko hasumiyar take, sannan a zaɓi lokaci.

Na Filin Jirgi:
Safiya tana da nata haɗarin. Da sanyi iska mai sanyi kan kwanta a ƙasa cikin dare, mai ɗumi ta rufe ta daga sama, hayaƙi da raɓa su maƙale ba su tashi sai rana ta yi zafi. A Dubai da hunturu hazon asuba sananne ne. A irin wannan lokaci hantsi ya fi sassafe.

Maman Ilham:
Mai Hoto, hoto ta cikin gilashi fa? Kullum inuwar mutum ce ke fitowa a jiki.

Mai Hoto:
Dalilinsa shi ne da dare cikin ɗakin ya fi waje haske, sai gilashi ya zama madubi. Maganinsa a hana hasken ɗakin shiga tsakanin kyamara da gilashi. A cire filasha. A manna wayar a jikin gilashin gaba ɗaya, a miƙe, kada a karkata, domin da an karkata haske ya samu kafa. In dole sai an karkata don a kalli ƙasa, a lulluɓe gefen da baƙar riga ko baƙin mayafi, ko wani ya tare da tafin hannu biyu. Masu babbar kyamara akwai marufin roba mai laushi da ake sa wa bakinta, yana mannewa da gilashi. Tufafi masu duhu suna taimakawa, farar riga kuwa ita ce ta farko da za ta fito a hoton.

Idon wayar mai faɗi, wanda ake rubuta wa 0.5, ya fi kwaso inuwa, kuma ya fi rauni a duhu. A tsaya a kan 1. Zuƙowa da yatsa fiye da abin da wayar ke da ido dominsa ɓata hoto yake yi kawai.

Wani abu da ke faruwa shi ne kyamara ta kama saiti a kan datti ko ɗigon ruwan da ke jikin gilashi, garin ya fito dishi-dishi. A taɓa wani gini mai nisa a allon, a danne har saitin ya kulle, sannan a ɗan rage hasken hoton kaɗan, in ba haka ba fitilu za su ƙone su zama farin tabo. Tsarin dare na waya yana buƙatar daƙiƙa 2 zuwa 3 ba motsi. A jingina gwiwar hannu, a sa agogon daƙiƙa 3, don kada taɓa allon ya girgiza ta.

Ga mai kyamara: kusan ko'ina an hana sandar kyamara mai ƙafa uku, don haka a buɗe ido zuwa f/2.8 ko f/4, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 800 zuwa 3200, saurin ƙiftawa kada ya gaza 1/60 in a hannu ake riƙe. Gilashin tace ƙyalli da ake ɗaurawa a gaban idon kyamara ba ya aiki sosai a nan. Tagogin biyu ne ko uku a haɗe, kuma an gasa su, sai ya fito da tabo kala-kala kamar bakan gizo, ga shi yana cinye haske.

A ƙasashe masu zafi da laima, in an fito daga ɗakin sanyi zuwa baranda idon kyamara yana yin gumi nan take. Gogewa ba ta magani, zai sake. A ba shi minti 10 ya ɗauki ɗumin wajen. Shi ya sa ake fita baranda da wuri.

Hoton mutum kuma: in gari mai haske yana bayansa fuskarsa baƙi za ta fito. Da rana ya juya ta yadda haske zai zo masa ta gefe. Da dare wani ya haska shi da fitilar wata wayar daga gefe, nesa da gilashi.

Injiniya:
Kafin a wuce baranda, a yi maganar iska. Zafi yana raguwa ne wajen digiri 6.5 a kowace mita 1000, kenan a mita 300 digiri 2 ne kawai. Abin da ke sa mutane rawar sanyi iska ce. A ƙasa gine-gine suna tare ta, a sama babu mai tarewa, kuma tana ƙara gudu in ta zo zagaye kusurwar bene. A tafi da rigar sama ko da ana zafi a titi. Hula, mayafi, tabarau, takarda, duk abin da bai ɗaure ba zai iya tashi. A Shibuya Sky na Tokyo, mai mita 229, kafin a fita rufin sai an zuba jaka da hula da makamantansu a akwatin ajiya. Waya a sa mata igiyar hannu, kuma kada a miƙa ta waje da shinge. Abin da ya faɗo daga wannan tsawo kan mutanen titi zai sauka.

In iska ta yi ƙarfi ko ana walƙiya rufe barandar ake yi, ƙololuwar Eiffel ma ana rufe ta. Jirgi maras matuƙi kuwa kada ma a ɗauko shi daga masauki. Sandar salfi, babbar jaka, wuƙa ko almakashi, duk suna iya tsayar da mutum a wurin bincike, kuma ba ko'ina ke da ma'ajiya ba.

Motsin da wasu ke ji a sama ranar iska gaskiya ne, dogon bene an gina shi ne ya ɗan yi lilo. Ba alamar lalacewa ba ce.

Anti Nas:
To ga ɓangaren lafiya. Liftar Burj Khalifa tana gudun mita 10 a daƙiƙa, cikin wajen minti ɗaya an kai hawa na 124. A wannan minti nauyin iska ya ragu da kusan kashi 5 cikin 100, dodon kunne yana ji. A riƙa haɗiye yawu, ko hamma, ko tauna cingam tun lifta na tashi. Jariri a ba shi nono ko abin tsotso. Saukowa ta fi hawa takura kunne. Mai mura mai ƙarfi ko ciwon kunne ya fi kowa shan wahala, domin hanyar da ke daidaita iskar a toshe take, in da hali ya jinkirta.

Jiri kuma yana zuwa ne saboda ido ya saba dogara da abin da ke kusa don tsayar da jiki. A bakin baranda babu komai kusa, sai jiki ya fara tangaɗi. Mai jin haka ya ja baya taku biyu, ya dafa ƙarfe ko bango, ya kalli nesa maimakon ƙasa, ya bar gefen bene ko shinge a cikin ganinsa. In bai lafa ba ya zauna. Kada a ja mai tsoro zuwa daɓen gilashi don a yi dariya, yaro ne ko babba. Daɓen kansa gilashi ne mai ninki da yawa, an yi shi don ɗaukar nauyi, amma sanin haka ba ya cire tsoro.

Yara: ba a ɗora su a kafaɗa kusa da shinge, ba a zaunar da su a kan katanga don hoto. A kai su banɗaki kafin a shiga layi. A nuna musu inda za a haɗu in an rabu, domin barandar zagaye take, kowane gefe kama da ɗan uwansa.

Tsofaffi: kalmar "akwai lifta" ba ta isa ba, a tambayi inda take tsayawa. A ƙubbar majami'ar Saint Peter a Batikan matakala 551 ce, wanda ya hau lifta ma saura 320 a gabansa, a ƙuntatacciyar hanya mai karkatattun bango, ba wurin juyawa. A Eiffel mai keken guragu yana kaiwa hawa na 2, amma ba a kai shi ƙololuwa. Mai ciwon zuciya ko gwiwa ya zaɓi sabon bene mai lifta har sama.

Baban Sadiq:
Na kyauta fa? Ba kowa ke da kuɗin tikitin mutum biyar ba.

Hajiya Jagora:
Akwai, kuma wasunsu sun fi na kuɗi. Sky Garden, wani lambu a saman bene a Landan, kyauta ne, amma sai an kama gurbi a shafinsu tun da wuri, gurabun suna ƙarewa da sauri. Daga can The Shard yana gabanka a tsallaken kogin Thames. Ƙubbar gilashi ta majalisar Jamus a Balin kyauta ce, sai dai rajista dole ce, da cikakken suna da ranar haihuwar kowa, kuma a zo da fasfo. A Tokyo ginin gwamnatin birni yana da wurin kallo a hawa na 45, mita 202, ba a biyan komai.

Sai gidajen abinci na saman otal. Suna da daɗin zama, amma a yi tambaya kafin a je. Wasu mashaya ce zalla, ba sa karɓar yara, musamman da dare. Wasu suna da ƙa'idar sutura da takalmi, wasu suna da mafi ƙarancin abin da za a kashe, teburin bakin baranda kuma sai wanda ya kama tun da wuri. In an haɗa lissafi wani lokaci tikitin ya fi araha. A Marina Bay Sands na Singafo, tafkin wankan da ake gani a hotuna na waɗanda suka kwana a otal ɗin ne kaɗai, mai tikiti barandar kallo yake zuwa.

Abin da ba zan goyi baya ba shi ne bin wani ya kai ka rufin da ba a buɗe wa jama'a ba. Babu shinge, babu mai tsaro, kuma shiga ba izini laifi ne.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Saura ɗaya: minti nawa ake barin mutum a sama, kuma saukowa da wahala?

Hajiya Jagora:
A yawancinsu ba a ƙayyade ba, in kin hau sai kin ga dama. Kaɗan ne ke da iyaka, irin tagwayen benayen Petronas na Kuala Lumpur, inda rukuni-rukuni ake hawa, a tsaya 'yan mintuna a gadar hawa na 41, a wuce hawa na 86, a sauko tare. Tikitin zai faɗa. Da zarar kin shiga liftar sauka ba komawa, don haka ki zagaya fuska huɗun kafin nan. A wuri mai hawa biyu ko uku ki fara da na can sama tun da sauran haske.

Layin sauka ya fi tsawo a rabin awar da ke bin faɗuwar rana. Ko ki riga su, ko ki ƙara minti 20 ya rage. Liftar ƙarshe ta hawa tana tsayawa tun kafin lokacin rufewa, a duba wannan in da dare za a je. Hoton da ma'aikata ke ɗauka a ƙofa ba dole ba ne a saya. Kuma ƙofar fita sau da yawa ba ita ce ta shiga ba, ta cikin shagon tsaraba take bi ta ɓulla wani titi ko wani hawa. Kada ki kira mota sai kin fito kin karanta sunan ƙofar da kike tsaye.